Darasi na 9: Wa Zai Ɗauki Mashayi?

Abin karantawa: Markus 2:1-12; Galatiyawa 6:1-2.

'Yan'uwa, ku lura da shanyayyen nan na Kafarnahum. Ba da ƙafarsa ya zo wurin Ubangiji ba, mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Da ya warke kuwa, gida aka aike shi. Haka al'amarin wanda giya ta ɗaure ya ke: ba ya iya kai kansa, warkewarsa kuma ba ta cika ba sai ya koma cikin mutanensa.

A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, amana ce jarin mutum. Da ita aka yi ta cinikin shanu da goro: maigida ya tsaya wa baƙonsa, a ba da dabba bashi, magana ta isa. Mashayi kuwa, tun kafin hantarsa ta lalace, amanarsa ta riga ta tafi. Ba mai ba shi ajiya, ba mai aikensa da kuɗi. Domin sha abin kunya ne a unguwar, ga Musulmi da Kirista duka, sai ya ɓoye. Ɓuyan mace ya fi zurfi, gama akan ce namiji ya yi rauni, amma ita akan ce ta lalace. Ga shi kuwa giya ta fi saurin cin jikin mace.

Saboda haka barin kwalba mafari ne kawai. Warkewa ita ce barci ya dawo, abinci ya zauna, yara su daina gudu in sun ji tafiyarsa, maƙwabci ya sāke ba shi ajiya. Wannan yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, akan kuma yi tuntuɓe a hanya.

A 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, domin masu taɓin hankali: majiyyaci ya zauna a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti shan magani. Ya gane cewa magani ya fi kama mutum in nasa suna kusa. Darasin ya shafi mashayi ma.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya bari farat ɗaya shi kaɗai. Cikin kwana 2 ko 3 rawar jiki da gane-gane da farfaɗiya suna iya kama shi, har ya mutu. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo.

Tambayoyi: Su wane ne huɗun da za su ɗauki mashayi a ikilisiyarku? In mace ce, wa za ta iya gaya wa? In ɗan'uwa ya koma sha bayan wata 6, yaya Galatiyawa 6:1 ta ce a yi da shi?