Hoton ƙwaƙwalwa da maganaɗisu: darasi kan hannun da ya shanye

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya fito daga Batsari ko Safana ya san gidan da aka wayi gari dattijo ya kasa ɗaga hannu, baki ya karkace, aka ce iska ce ta buge shi. Likitoci na kiran wannan shanyewar ɓarin jiki: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Tambayar da iyali ke yi ɗaya ce: hannun nan zai dawo? Akwai na'urar da ke taimakawa wajen amsa ta, kuma tushenta yana cikin littafinmu na aji ɗaya.

A 1831 Michael Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya kusa da waya, lantarki zai gudana cikinta. Da wannan ƙa'ida taransfoma ke aiki. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ɗora koyil a kan mutum, suka saki lantarki mai ƙarfi cikinsa na ɗan ƙiftawar ido. Maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai ba tare da an tsaga fata ba, ya tayar da ƙwayoyin jijiya, sai hannun mutumin ya motsa da kansa. Wannan ita ce TMS. Wato koyil ɗin shi ne naɗin farko na taransfoma, ƙwaƙwalwa kuma naɗi na biyu. Kun gane?

To, ina za a ɗora koyil ɗin? A ɓawon ƙwaƙwalwa akwai wani zirin da ke ba tsokoki umarni. Wilder Penfield na Montreal ya fitar da taswirarsa a 1937: ƙafa a can sama, hannu a tsakiya, fuska a ƙasa. Ɓangaren hagu na juya jikin dama, na dama na juya hagu. Matsalar ita ce lanƙwasar ƙwaƙwalwar kowa daban take, kuma ƙari ko shanyewa kan ture wurin daga inda aka saba. Kuskuren santimita ɗaya ya isa a rasa wurin.

Nan hoton MRI ke shigowa. Ana ɗaukar hoton kan majiyyaci, kwamfuta ta gina siffar ƙwaƙwalwarsa. Sai a maƙala 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a goshinsa da jikin koyil, kyamara tana bin su. A taɓa karan hanci da kunnuwa biyu domin hoto da kai su daidaita. Daga nan likita na kallon allo yana ganin daidai inda koyil ya nufa, kamar direba mai bin taswira a waya. A hannu kuma an liƙa wayoyi masu auna tsoka. In hanyar jijiya lafiya take, saƙo kan iso hannu cikin kusan milisakan 20.

Amfaninta biyu ne. Na farko, kafin a cire ƙari, likitan tiyata na sanin wurin da ba zai taɓa ba. Amurka ta amince da na'urar Nexstim don wannan aiki a 2009. Na biyu, hasashe. Cathy Stinear ta Jami'ar Auckland da tawagarta sun fitar da tsarin PREP2 a 2017: idan hannu ya yi rauni sosai, a gwada TMS cikin makon farko. In tsoka ta amsa, hanya na nan, a dage da gashi. In ba ta amsa ba, a koya wa mutum dabarun rayuwa da ɗaya hannun, iyali kuma kada su sayar da gona suna bin masu alkawarin ƙarya.

Ku lura, aunawa daban, warkarwa daban. Wani babban gwaji a Amurka mai suna NICHE, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa bugun maganaɗisu na gaske tare da gashi ba su fi waɗanda aka yi wa na bogi samun sauƙi ba. Sannan sai an tantance mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai kafin a kusanto da koyil.

Mu dawo gida. Mutumin ƙauyen da ke bakin dajin Rugu, kafin maganar MRI a Asibitin Malam Aminu Kano, sai ya fara tunanin kuɗin mota da tsaron hanya. Shi ya sa rigakafi ya fi mana araha. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki. In mun je hutu, mu auna jinin iyayenmu, a rage gishiri. In fuska ta karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini sa'o'i huɗu da rabi kawai yake da su.

Aikin gida ga 'yan lantarki: me ya sa maganaɗisun lasifika, duk ƙarfinsa, ba zai motsa yatsa ba ko an ɗora shi a ka? Amsar na wurin Faraday.