Ɗora Harshen Lua a Kan Windows 7 Domin Ƙidayar Kalmomin Hausa

Gabatarwa

Duk da cewa Wudil gari ne mai jami'ar kimiyya da fasaha, kwamfutar da ke hannun ɗalibin nazarin harshe a nan galibi ta hannu ce, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da Windows 7 a kanta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da wannan babbar manhaja tun ranar 14 ga Janairu, 2020. Harshen Python, wanda masu nazarin matani suka fi amfani da shi, ya rabu da ita daga fitowa ta 3.9, ta 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta, ita ma sai an riga an saka wasu gyare-gyaren Windows ɗin. Wannan maƙala ta duba wata mafita, wato harshen Lua, tare da nuna inda yake yi wa matanin Hausa ɓarna idan ba a lura ba.

Ɗora Lua

An ƙirƙiri Lua a shekarar 1993 a wata jami'ar Katolika da ke Riyo di Janero a ƙasar Brazil, a hannun Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu. An rubuta shi da harshen C tsantsa, shi ya sa yake tafiya a kan tsofaffin na'urori ba tare da gardama ba. Mai nazari zai sauke ƙunshin LuaBinaries na fitowa ta 5.3, ya zaɓi na bit 32 idan bai tabbatar da irin na'urarsa ba, domin shi ke aiki a kan kowace. Sai ya warware ƙunshin a cikin folda guda, ya tabbatar lua53.exe da lua53.dll suna tare. Ba a buƙatar izinin mai kula da na'ura, ana ma iya gudanar da shi daga filas. A buɗe baƙin allon umarni a rubuta lua53 -v; idan lambar fitowar ta bayyana, an gama. Kada a ɗauki ta 5.1 ko 5.2, domin sai a ta 5.3, wadda ta fito a 2015, aka shigar da sashen utf8.

Inda Matsalar Take

Lua ba ya ganin harafi, bayit yake gani. A tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya ne, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowannensu biyu ne. Saboda haka #"ƙasa" zai ba da 5, alhali utf8.len("ƙasa") zai ba da 4. Wannan kuskure mai sauƙin ganewa ne.

Wanda ya fi haɗari shi ne na yanka kalmomi. Littattafan koyon Lua kan ba da ƙa'idar %a+ domin tsinto kalma, amma ita haruffan Ingilishi kawai ta sani, harafi mai ƙugiya kuwa tana ɗaukarsa tamkar tazara. Sai "ɗaki" ya zama "aki", "baƙo" ya rabu zuwa "ba" da "o", "haɗa" ya zama "ha" da "a". A lura da abin da ya faru: "ba" da "a" kalmomi ne na gaskiya a Hausa, kuma suna cikin mafiya yawan fitowa a kowane rubutu. Don haka jadawalin ba zai nuna alamar ɓarna ba, adadin kalmar korewa ne kawai zai kumbura. Na taɓa shafe kwanaki ina neman bayanin salo ga yawan "ba" a wani ƙagaggen labari, kafin na gano cewa "baƙi" da "baƙin ciki" ne aka daddatsa. Mai nazarin da ya gina hujja a kan irin wannan adadi, da wuya mai duba aikinsa ya kama shi.

Maganin shi ne a faɗaɗa ƙa'idar zuwa [%a\128-\255']+, wadda ke karɓar haruffa masu ƙugiya da kuma alhamza, don kada "ma'ana" da "'ya'ya" su tsage. Sai dai ita ma tana haɗiye lanƙwasassun alamomin zance da Microsoft Word ke sakawa, don haka dole a fara mayar da su miƙaƙƙu da gsub. Haka nan string.lower ba ya mayar da Ƙ zuwa ƙ. Sai an yi wa manyan haruffan huɗu musaya da hannu, in ba haka ba "Ƙasa" da "ƙasa" za su zama kalmomi biyu. Jerantawa ma da gyara: table.sort kan jefa ƙ bayan z, alhali ƙamusun Hausa na ajiye ta bayan k.

Akwai kuma matanin da aka buga da tsofaffin salon haruffa, inda q da x da v ke tsayawa a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Kundayen digiri da dama haka suke. Musayarsu layi uku ne kacal, amma a cire jerin manazarta tukuna, don kada "Oxford" ta koma "Oɗford".

Ita kanta Windows 7 tana da nata tarkon. Notepad ɗinta kan adana fayil a tsarin ANSI idan ba a canza ba, haruffa masu ƙugiya su salwanta. In an zaɓi UTF-8 kuma, sai ta liƙa ɓoyayyun bayit uku a farkon fayil, waɗanda sabuwar ƙa'idarmu za ta manna wa kalmar farko. A yanke su kafin ƙidaya. Baƙin allon ma ba abin dogaro ba ne wajen nuna ƙ da ɗ, ko da an rubuta chcp 65001. Abin da na fi so shi ne a zuba sakamakon a fayil, a buɗe shi da Notepad, a nemi "aki" da "asa" a cikin jadawalin kafin a yarda da kowane adadi.