Yadda Ake Tsara Fastar Tsohon Fim Don Bugun Sikirin

Kwanaki wani matashi a Ƙofar Taramniya ya nuna mini fastar da ya zana a CorelDraw, kala bakwai har da inuwa, ya kai wa mai bugun sikirin an dawo masa da ita. Laifin ba na mai bugun ba ne. A wannan aikin kowace kala ragarta daban, kuɗinta daban, kuma sai an ja tawadarta daban a kan kowace takarda. Kala bakwai, raga bakwai ke nan.

Bari mu yi gwaji da fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace, aka tsallaka Sahara da shi cikin bauta, uwarsa ta bi sawu. Kada ka kwafo hoton fim ɗin ka liƙa, yana da masu haƙƙi. Tambayi kanka wane abu ɗaya ne mai kallo ba ya mantawa. Ni dai ayarin raƙuma na zaɓa, can nesa, da mace guda a ƙasan takardar tana bin sawunsu.

Buɗe shafin A3. Kala biyu sun isa: ruwan goro don rairayi, baƙi don ayari da rubutu. Farin takardar shi ne rana, kyauta ka same shi. Idan a takarda ka fara zanen, ɗauke shi da waya, ka shigar a Inkscape ka danna Trace Bitmap. Manhajar kyauta ce.

Yanzu wurin da ake yawan asara. Raba kowace kala a shafinta, ka mayar da ita baƙi wuluk, domin baƙin ne zai tare haske lokacin gasa raga. Sa 'yar alamar giciye a kusurwa huɗu, wuri ɗaya a kowane shafi, da ita mai bugu zai daidaita raga ta biyu. Sannan ka bar ruwan goron ya ɗan shige ƙarƙashin baƙin kamar rabin milimita. In ba haka ba, takarda na ɗan gocewa sai farin layi ya fito a gefen raƙumi, kuma a fasta hamsin zai fito. Kala mai haske ake fara bugawa, baƙi a ƙarshe.

Siririn rubutu kuwa ka guje shi. Zafin Sakkwato na busar da tawada a cikin raga tun ba a gama ba, ƙananan haruffa ne ke fara toshewa. Kafin ka tura fayil, mayar da rubutun zane da Ctrl+Q a CorelDraw, don kada ƙ da ɗ su rikiɗe a kwamfutar wani. Ka nemi a buga maka guda ɗaya ka gani kafin ka biya kuɗin sauran.