Rawar Bori a Arewa: Yadda Take Gadar da Harshe

Gabatarwa

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, rawar bori tsohuwar rawa ce mai tsari. Wannan maƙala ta duba yadda ake gadonta, da abin da take adana wa mai nazarin harshe.

Hanyoyin Gado

Hanya ta farko ita ce ta jini: iskan da ya hau uwa ko kaka yakan nemi wani daga zuriyarta. Ta biyu ita ce girka, inda manyan 'yan bori ke keɓe sabon shiga har ya san takun kowane iska da tufafinsa. Ta uku ta makaɗa ce, domin mai goge da masu ƙwarya sukan koyi sana'ar a gida tun suna yara. Ba a rubuta komai; kunne da ido su ne makaranta.

Harshe a Cikin Rawa

Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, kuma in aka sauya lafazi an ɓata kira. Saboda haka kirari yakan riƙe tsofaffin kalmomin Arewanci da suka fita daga bakin matasa, tare da aron Zabarmanci da maƙwabtaka ta kawo. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana: "doki" shi ne mutumin da iska ya "hau", taron kansa kuwa "wasa" ne.

Darasi Daga Hawai

A tsibiran Hawai an hana rawar hula a bainar jama'a a 1830, sannan dokar 1896 ta mai da Ingilishi harshen koyarwa. Duk da haka malaman rawar sun ci gaba da koyar da waƙoƙinta da ka. Da aka buɗe makarantun farfaɗo da harshen a shekarun 1980, waɗannan waƙoƙi na cikin taskar da aka dogara da ita.

Kammalawa

Yaɗuwar wa'azi da ƙaurar matasa zuwa birane sun rage masu gadon bori a garuruwa irin su Lugu da Bagaji da Sukukutane. Ba aikin mai nazarin harshe ba ne yanke hukunci kan aƙida. Aikinsa shi ne ya naɗi muryoyin tsofaffin makaɗa da yardarsu, ya rubuta kirarin da karin sautinsa, tun masu shi suna raye.