Kwaramniyar Firiji a Gida: Yadda Ake Gano Dalilinta da Yadda Ake Gyarawa

A Obalende da Agege, da sauran unguwannin da Hausawa suke zaune a Legas, firiji ya zama jari a gidaje da yawa. Da shi uwargida take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa, a cikinsa kuma mai tsire yake ajiye naman da zai gasa da yamma. Saboda haka in ya fara wata kwaramniya da ba a saba ji ba, hankali yakan tashi, har wani ya yi gaggawar biyan kuɗin sabon inji alhali kuwa injinsa lafiya lau yake. Sau da yawa wannan ƙara ba daga cikin inji take ba, wani abu ne ya saki yake karkarwa. Wanda ya saurara da kyau, ya bi bincike daki-daki daga mai sauƙi zuwa mai wuya, zai tsare kuɗinsa da abincin iyalinsa.

Inda karkarwa take fitowa

A ƙasan firiji ta baya akwai wani baƙin inji mai kama da tukunya, wanda masu gyara suke kira kwamfuresa. Aikinsa shi ne matsa iskar gas ya tura ta cikin siraran bututu, ita kuwa ta kwashe zafi daga ciki ta fitar da shi waje. Duk lokacin da yake aiki yakan yi ɗan motsi, shi ya sa aka ɗora shi a kan robobi domin su shanye girgizar. Duk abin da ya taɓa jikin firiji, ko ya saki a jikinsa, sai ya ɗauki wannan girgiza ya mai da ita ƙara.

Ba kowace ƙara ce alamar ɓaci ba. Gunji na hankali yayin da inji yake aiki, da ƙara kamar ta ruwa mai gudana cikin bututu, da ɗan ƙas sau ɗaya sa'ad da inji ya tashi ko ya tsaya, duk aikin firiji ne na kullum.

Binciken da mai gida zai iya yi

1. Da farko a saurara. A dafa saman firiji da gefensa da tafin hannu yayin da yake ƙara. In ta ragu ko ta tsaya, to, matsalar ta zama ce ko ta wani abu da ya saki.

2. A sauke duk abin da aka ɗora a kansa, kamar kwanuka da tire da rediyo. A raba kwalaben da suke gugar juna a ciki, a duba ko kowane kanta ya zauna a gurbinsa.

3. A girgiza firijin a hankali. In yana lilo, ƙafafunsa ba su zauna daidai ba. Ƙafafun gaba na yawancin firiji ana murɗa su su hau ko su sauka. Inda daɓe ya farfashe, a shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashi. Ya kyautu gaba ya ɗan ɗara baya tsawo, domin ƙofa ta riƙa rufuwa da kanta.

4. A janye shi daga bango da kabad kamar santimita 10. Ɗakunan haya a Legas matsattsu ne, amma firijin da aka manna da bango yakan yi ƙara, ya yi zafi, ya kuma sha wuta da yawa.

5. Kafin a taɓa bayansa, lalle ne a zare fulogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sa'an nan a duba farantin da yake tare ruwa, wanda galibi yake kan inji ko kusa da shi. In ya goce, a mai da shi mazauninsa. A ɗaure sukurorin da suka saki. In bututu biyu suna bugun juna, a sa guntun roba a tsakaninsu, amma kada a lanƙwasa su da ƙarfi.

6. A duba robobin da inji yake zaune a kai. Zafi da tsufa sukan busar da su su tsage, laimar Legas da iskar teku mai gishiri kuma sukan sa ƙarafan da suke riƙe da su su yi tsatsa. Canja su ƙaramin aiki ne a wurin mai gyara.

7. Firiji mai fanka yana iya ƙara in ƙura ko leda ta shiga fankar baya, ko ƙanƙara ta taru har fankar ciki tana karce ta. In ƙarar tana tsayawa da zarar an buɗe ƙofa, fankar ciki ce. Sai a kwashe kaya, a zare fulogi, a bar ƙofa a buɗe har ƙanƙarar ta narke don kanta.

Gargaɗi game da wuƙa

Kada a kuskura a fasa ƙanƙara da wuƙa ko sukurudireba. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina yin firiji da tsohuwar iskar R12, da yawa daga firijin gida na yanzu kuwa suna aiki da R600a, wadda take kama wuta. Huda bututu hasara ce, kuma hatsari ne a ɗakin da ake girki da risho ko gas. Sunan iskar yana rubuce a jikin inji ko a takardar da aka manna wa firiji.

Lokacin da ya wajaba a kira mai gyara

Alama ta farko ita ce inji ya yi gunji na ɗan lokaci, ya yi ƙas ya tsaya, ya sake haka bayan 'yan mintoci, firiji kuwa ba sanyi. Ana tsara firijin ƙasar nan don wuta mai ƙarfin kimanin bolt 230, in ta yi rauni sosai inji ba ya iya tashi. A zare fulogi har wuta ta daidaita. In ya ci gaba, mai yiwuwa ƙaramar na'urar tayar da inji ce, watau rile, ta lalace, ita kuwa kuɗinta bai kama ƙafar na inji ba. Ya kamata a nemi mai gyara ya gwada ta tukuna.

Alama ta biyu ita ce bugu mai ƙarfi daga cikin tukunyar injin kanta, musamman sa'ad da yake tsayawa. Wannan yana nuna sifirin da suke riƙe da motar ciki sun gaji ko sun karye. A like tukunyar take, ba a buɗe ta a gida.

Alama ta uku ita ce warin ƙonewa, ko maiƙo a mahaɗar bututu, ko firiji ya riƙa jan mutum in an taɓa shi. A zare fulogi nan take, a hana yara matsowa.

Rigakafi

In aka ɗauke wuta aka maido, ko aka juya zuwa janareta, a dakata minti 5 kafin a kunna firiji. In an ɗauko shi a kwance wajen ƙaura, a bar shi tsaye awa 4 ko fiye kafin a jona shi. A riƙa share ƙurar bayansa. Yayin da yake kashe don bincike, a tuna cewa abinci yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4 ne kawai in ƙofa tana rufe, saboda haka a fara nema wa nama da kifi wurin ajiya. Wanda aka ce masa injinsa ya mutu, hakkinsa ne ya nemi a nuna masa gwajin da aka yi kafin ya biya ko kwabo.