Karatun Kasuwanci: Darasi Ga Uwargida Da 'Ya'yanta Mata

Darasinmu na wannan fitowa a kan karatun kasuwanci ne a jami'a ko kwalejin fasaha. Sau da yawa idan yarinya ta ce shi take so, sai ki ji uwa ta ce, "Haba, saye da sayarwa ma sai an je jami'a?" To uwargida, mu zauna mu duba.

Ɗauki misali. Kin yi cincin kin sayar N20,000, fulawa da suga da mai sun ci N14,000, sai ki ce kin ci ribar N6,000. Amma ina kuɗin gas, da leda, da kuɗin motar yaron da ya kai shago? Ina wanda maƙwabciya ta ɗauka bashi? Ina wanda kika zara kika yi cefane? Da haka ake cinye uwar kuɗi ba a sani ba. Darasin farko da ake koya wa ɗalibar kasuwanci ke nan: raba jari da riba, raba kuɗin sana'a da na gida, da rubuta komai.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Uwar Muminai Nana Khadija (RA) kuwa attajira ce mai aika fatake har Sham.

Fannin yana da rassa: akanta, wato lissafin kuɗi, da gudanar da kasuwanci, da tallata haja, da harkar banki. A Najeriya ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sannan jarrabawar JAMB. Saboda haka idan 'yarki na gudun Lissafi, tun yanzu za ki nema mata mai koya mata. Digiri shekara 4 ne. A kwalejin fasaha kuwa ND shekara 2, a yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan HND shekara 2. Ke da ke ɗakin miji, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, wadda yawancin karatunta daga gida ake yi.

Wata za ta ce, "Ai ƙarshensa aikin banki ne, ga kuɗin ruwa." Wannan tsoro yana kan hanya, amma ƙofa ba ɗaya ba ce. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiyar koyar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Ban da banki, makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi irin tamu duk suna neman mace mai amana da ta iya riƙe littafin kuɗi. Wadda ta fi son zama a gida kuma, ta san yadda za ta yi wa sana'arta rajista a CAC, ta nemi lambar NAFDAC, ta kuma fitar da zakkar hajarta, ɗaya bisa arba'in, idan ta kai nisabi shekara ta zagayo.

Sai dai a kula: takardar shaida ba ta sayar da kaya. Ki bar 'yarki ta riƙa riƙe miki lissafin sana'arki tun tana sakandare. Idan ke ce za ki koma karatu, ki shawarci maigida cikin ladabi da lalama, ku tsara lokacin girki da na yara tun kafin ki cike fom.

Aikin gida: ki sayi littafi mai layi, ki rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a sana'arki har kwana 30, sannan ki duba ko riba kike ci ko jari.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga haram. Wassalam.