Hukuncin Ƙarar da ke Damun Maƙwabci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi abin da kan haɗa maƙwabta faɗa a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, watau ƙarar injin niƙa, da injin matse rake, da janareta, da kiɗan biki, har da lasifikar masallaci.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da duba wannan mas'ala. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya ce alƙali yana hana hayaƙi da warin majema idan suna cutar maƙwabci, amma ba ya hana ƙara irin ta mabuga. Duk wanda ya taɓa zama kusa da marina ya san yadda bugu yake cika kunne, duk da haka shari'a ta ƙyale shi, domin da shi magidanci yake ciyar da iyalinsa. Haka maƙeri da uwar maƙerarsa. To, amma masu sharhi sun sa iyaka, sun ce ƙyalewar tana nan ne muddin ƙarar ba ta tsananta ta kuma dawwama ba.

A bisa wannan, mai injin da ke Hunkuyi ko Maƙarfi, wanda yake matse rakensa da rana ana dafa mazarƙwaila, ba a ce masa ya tashi. Wanda kuwa ya jingina injin niƙa da bangon wani har katanga tana tsagewa, ko ya kwana da janareta a gindin tagar majinyaci, wannan cuta ce, alƙali yana da ikon kawar da ita. Kiɗan biki na kwana ba ma ya cikin wannan rangwame.

Saura lasifika, kuma a nan ne mutane suka fi jin nauyin magana. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar juna da haka, domin kowannensu ganawa yake yi da Ubangijinsa. Jama'a, ku duba fa, Alƙur'ani suke karantawa, a cikin masallaci. Ina ga wanda ya juya ƙahon lasifika cikin unguwa har tsakar dare, alhali akwai mai jego da tsoho da manomin da zai yi sammakon fadama? Kiran salla dabam ne, don a ji shi aka shar'anta shi. Amma karatu da wa'azi, a ganina, lasifikar ciki ta wadatar da waɗanda suka zo.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa ta 1959 ta sa damun jama'a cikin laifuffuka. A 1984, bayan rigingimun Maitatsine, gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta kafa dokar wa'azi. Daga baya gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kai wa majalisa ƙudurin sabunta ta, har da taƙaita lasifika da dare, aka yi ta jayayya a kansa tsakanin malamai da limaman Kirista.

Wanda ƙara ta dama, ya fara samun mai ita su biyu, da sallama da taushin harshe, sau da yawa bai ma san iyakar inda ƙararsa take kaiwa ba. In bai ji ba, a gaya wa liman ko mai unguwa, daga nan dagaci, sa'an nan hakimi. Sai duk wannan ya faskara ake zuwa gaban alƙali, shi kuma zai aiki masana su je su ji ƙarar da kunnensu, a lokacin da ake kuka da ita, kafin ya yanke hukunci.

Allah Shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum.